Insulin Irin na Ɗan'adam ko na Zamani: Wanne Mai Ciwon Suga Zai Ɗauka?

Ranar da likita ya ce ƙwayoyi sun yi iya ƙoƙarinsu, dole a haɗa da allura, mai ciwon suga yakan tsinci kansa a gaban kantar kemis da zaɓi biyu. Ga ƙaramar kwalba mai ruwa fari-fari kamar an tsinka madara, irin su Insulatard da Humulin N da Mixtard, ko mai ruwa garau irin Actrapid. Wannan shi ne insulin irin na ɗan'adam, wanda aka fara sayarwa a 1982, ƙirarsa daidai da wanda jikinmu yake yi. Ga kuma biron allura mai tsada, Lantus ko Tresiba ko Humalog ko NovoRapid, wato insulin na zamani da ake kira analog, wanda aka ɗan sauya wa ƙira da gangan don ya yi sauri ko ya daɗe a jiki. Kuɗin na biyun ya ninka na farkon, ba ninki ɗaya ba.

Maganganu biyu ne suka fi yawo a kan wannan zaɓi. Wasu su ce mai tsadar ya fi shiga jiki, idan jikinka ya daina jin na kwalba to ka koma biro. Wasu kuma su ce a'a, na zamanin yana jawo ciwon daji. Duk maganganun nan biyu suna komawa ga abu guda da ke jikin ƙwayoyin jikinmu, wato makarɓin insulin, musamman wani nau'insa ruwa-biyu. A ganina, duk wanda ya fahimci makarɓin nan zai ajiye maganganun biyu a gefe, ya yi zaɓinsa a kan abubuwan da suka shafe shi da gaske.

Insulin ba ya kutsawa cikin ƙwayar tsoka da kansa ya zuba suga. A bakin ƙwayar yake tsayawa, ya maƙale a jikin makarɓi, shi kuma makarɓin ya aika saƙo ciki cewa a buɗe wa suga hanya. Makarɓin nan ɓari biyu ne masu kama da juna, kamar ƙofa mai ƙyaure biyu da kafinta ɗaya ya yi. Sai dai insulin yana da ɗan'uwa a jiki, wani sinadari mai suna IGF-1, wanda hanta ce ke samar da mafi yawansa, aikinsa kuma girma ne da hayayyafar ƙwayoyin jiki. Shi ma yana da nasa makarɓin mai ɓari biyu, kuma kamar da ke tsakanin makarɓan biyu ta kai har ɓarin wannan yakan haɗe da ɓarin wancan su tashi ƙofa ɗaya, ƙyaure ɗaya na insulin, ɗaya na IGF-1. A 1989 Maria Soos da Kenneth Siddle na Jami'ar Kambirij a Ingila suka nuna cewa irin wannan haɗi yana nan, wata ƙungiyar masana a Amurka ma ta nuna haka a shekarar. A 1993 su Soos suka tace makarɓin ruwa-biyu shi kaɗai suka gwada shi, suka tarar yana riƙe IGF-1 gam, amma riƙon da yake yi wa insulin ya gaza haka da fiye da ninki goma. Ma'ana, duk ɓarin makarɓin insulin da ya faɗa cikin wannan haɗi, kusan ya fita daga hidimar insulin ke nan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba ko'ina abin yake daidai ba. Haɗuwar ɓangarorin ta dogara ne a kan wanda ya fi yawa a cikin ƙwayar. Hantar babban mutum ba ta da makarɓan IGF-1 sai kaɗan, don haka mafi yawan makarɓan insulin ɗinta tsantsa ne. A tsoka da zuciya da kitse da mabiyiyar jariri kuwa akwai ruwa-biyu masu yawa. A shimfiɗar cikin jijiyoyin jini makarɓan IGF-1 sun fi na insulin yawa, har sukan janye kaso mai tsoka na ɓangarorin insulin zuwa cikin haɗin. Masana a Jami'ar Lids ƙarƙashin Mark Kearney sun nuna a 2011 cewa idan aka rage makarɓan IGF-1 a jijiyoyin ɓeraye, ruwa-biyu sukan ragu, jijiyar ta ƙara jin insulin, ta ƙara fitar da sinadarin da ke sa ta saki jiki jini ya wuce. A ɓangaren tsoka kuma, a 2001 ƙungiyar Derek LeRoith a Amurka ta sa wa ɓeraye gurgun makarɓin IGF-1 a tsoka kaɗai. Gurgun ya riƙa haɗewa da lafiyayyun ɓangarorin insulin yana kashe musu aiki, ɓerayen suka kamu da ciwon suga tun suna ƙanana.

A jikin mutane, aikin da aka fi sani shi ne na Massimo Federici da Giorgio Sesti a birnin Rum na Italiya. A 1996 suka auna ɗan yankin tsokar masu ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda ya fi kama manya, suka ga ruwa-biyu sun fi yawa a wurinsu fiye da marasa ciwon, kuma gwargwadon yawansu, gwargwadon raunin jin insulin. Daga baya suka ga haka a kitsen masu ciwon, da tsokar masu ƙiba, da tsokar mutanen da wani ƙari a fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, ke sa jikinsu ambaliyar insulin dare da rana. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin ya nuna yawan insulin a jini shi kansa yana tafiya tare da ƙaruwar ruwa-biyu. Idan insulin ya yi yawa kullum, ƙwayar jiki takan rage makarɓansa, ragowar kuma su fi saurin faɗawa cikin haɗin. Jiki ya ƙara kurumcewa, fankiriyas ya ƙara zubo insulin, abin ya yi ta zagayawa. Ba shi ne kaɗai sanadin taurin kan jiki ba, kitsen da ke taruwa a hanta da tsoka yana toshe saƙon a can ciki ko da makarɓin lafiya lau yake, amma yana cikin lissafin.

Akwai alamar da ido ke gani a wannan yanayi. Za ka ga yaro ko budurwa mai jiki, bayan wuya ya yi baƙi ya yi kauri, da laushi kamar karammiski, haka ma hammata. Uwa ta yi ta dirza da soso da sabulu tana faɗan ƙazanta, abin ya ƙi fita. Ba dauɗa ba ce. Insulin ne ya yi yawa a jini har yana taɓa makarɓan IGF-1 na fata, ƙwayoyin fatar suna hayayyafa. Duk gidan da aka ga haka, a je a auna suga.

To, a nan maganar farko ta faɗi. Insulin na zamani da na ɗan'adam ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Ba a ƙera Lantus ko Humalog don su buɗe makarɓi ruwa-biyu ba, an ƙera su ne don a sauya yadda suke narkewa daga ƙarƙashin fata zuwa jini. Wanda jikinsa ke buƙatar yunit 60 na kwalba saboda taurin kai, kusan haka zai buƙata a biro. Abin da ke dawo wa jiki da ji daban ne: rage ƙiba, musamman ta tumbi, da ƙwayar maganin suga mai suna metformin, da motsa jiki. Tsokar da ke aiki tana jan suga ta wata hanyar da ba ta jiran insulin ko makarɓinsa, shi ya sa tafiyar ƙafa bayan tuwon dare take da tasirin da ba a sayen sa a kemis. Kuma sau da yawa wanda ya ce insulin ya daina yi masa aiki, idan aka ɗaga rigarsa sai a tarar wuri ɗaya yake caka allura a gefen cibiya shekara da shekaru, wurin ya yi kulluɓutu, ya daina zafi, shi ya sa yake son wurin. Insulin da aka zuba a cikin wannan kumburi ba ya fita yadda ya kamata, ko na wane kamfani ne. Sauya wuri kyauta ne, amma a sanar da likita kafin a sauya, domin lafiyayyar fata takan ja maganin da ƙarfi har suga ya faɗi.

Magana ta biyu, ta ciwon daji, tana da tushe, ba ƙirƙira ba ce, don haka ta cancanci a bi ta a hankali. Ƙwayoyin daji da yawa, kamar na nono, suna ɗauke da makarɓan IGF-1 da ruwa-biyu masu yawa, kuma saƙon waɗannan makarɓai na hayayyafa ne. Idan aka taɓa ƙirar insulin har ya ƙara son waɗannan ƙofofi, akwai abin tsoro. An taɓa ganin haka: wani insulin na gwaji mai suna X10 da kamfanin Novo Nordisk ya ƙera ya jawo ƙarin nono a jikin ɓeraye mata, aka dakatar da shi a farkon shekarun 1990 bai taɓa shiga kasuwa ba. A shekarar 2000 wani gwaji na ɗakin bincike ya nuna glargine, wato sinadarin da ke cikin Lantus, yana riƙe makarɓin IGF-1 fiye da insulin ɗan'adam da kusan ninki shida. A watan Yunin 2009 mujallar Diabetologia ta fitar da bincike huɗu daga Jamus da Suwidin da Sikotilan da Birtaniya, wasu daga ciki suna nuna alamar ƙaruwar daji ga masu amfani da glargine, wasu ba su ga komai ba. Hankalin duniya ya tashi.

Abubuwa biyu suka kwantar da ƙurar. Na ɗaya, an gano cewa glargine ba ya yawo a jini da ƙirar da aka gwada a ɗakin bincike. Da zarar an yi allurarsa, jiki yakan guntule masa wutsiya ya koma wani abu da ake kira M1, shi ne kusan duk abin da ake samu a jini, kuma riƙon da M1 yake yi wa makarɓin IGF-1 bai wuce na insulin ɗan'adam ba. Na biyu, babban gwajin ORIGIN da aka buga a 2012 ya bi mutum 12,537 na tsawon fiye da shekara shida, rabi a kan glargine rabi a kan kulawar da aka saba, yawan ciwon daji ya zo daidai a ɓangarorin biyu. Sauran na zamanin, lispro (Humalog) da aspart (NovoRapid) da detemir da degludec (Tresiba), tun asali ba su nuna irin wancan ƙarin riƙo mai yawa ba. Saboda haka ba na ganin dalilin da zai sa mai buƙatar Lantus ya guje shi don tsoron daji, ko mai shan wahalar faɗuwar suga ya ci gaba da haƙuri da ita saboda saƙon da aka turo masa a WhatsApp.

Bambancin gaskiya yana wajen lokaci. NPH, wato mai ruwan madarar nan irin su Insulatard da Humulin N, wanda aka fara haɗa irinsa a Denmak tun 1946 kafin zuwan na ɗan'adam, yana fara aiki bayan awa ɗaya zuwa biyu, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa tsakanin awa huɗu zuwa goma, ya ƙare kafin awa 18. Wannan ƙololuwar ita ce matsalarsa. Wanda ya yi allura bayan sallar isha'i, ƙarfin zai iya riskarsa ƙarfe biyu ko uku na dare yana barci, ciki ba komai. Sai ya farka sharkaf da zufa, jiki na rawa, zuciya na dukan uku-uku, wani ma ya riƙa sambatu har iyali su ɗauka iska ce, a kama tofi, alhali cokali uku na suga a ruwa yake buƙata. Kuma NPH yana kwantawa a gindin kwalba, dole a murza shi a tafin hannu a juya shi har ya gauraye sosai. Wanda ya zuƙa a gurguje, yau ya samu mai ƙarfi gobe mai rauni. Glargine, da aka amince da shi a 2000, yana tafiya kusan a shimfiɗe har wajen awa 24, ba a girgiza shi, allura ɗaya a rana. Degludec ya wuce awa 42, don haka idan lokacin allura ya ɗan goce ba a shiga uku ba.

Haka ma na cin abinci. Actrapid da ire-irensa suna buƙatar a yi allura rabin awa kafin a sa hannu a kwano, kuma suna nan a jiki har awa shida zuwa takwas, bayan abincin ya riga ya narke. Lispro, wanda ya fito a 1996, da aspart suna fara aiki cikin minti 15, su gama cikin awa uku zuwa biyar.

Amma idan aka zo kan sakamako, tazarar ba ta kai yadda farashin ke nunawa ba, musamman ga nau'i na biyu. A gwajin da aka buga a 2003 na mutum 756, an kwatanta glargine da NPH lokacin kwanciya, awon HbA1c na ɓangarorin biyu, wato awon da ke nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya, ya sauka wuri ɗaya, dab da kashi 7. Ribar glargine ita ce ƙarancin faɗuwar suga da dare. A 2018 wani bincike a Kalifoniya ya duba mutum fiye da 25,000 da suka fara allura, bai ga cewa na zamanin ya rage zuwa asibiti saboda faɗuwar suga ba. Tsakanin na zamanin su kansu, gwajin DEVOTE na 2017 ya nuna degludec ya rage faɗuwa mai tsanani da kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da glargine. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta ce a wuraren da kuɗi ya yi ƙaranci a fara da insulin ɗan'adam, a koma na zamani mai daɗewa ga wanda sugarsa ke yawan faɗuwa da tsanani. A 2021 ta sa masu daɗewar a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, da fatan kwafinsu masu rahusa su karya farashi.

A ƙasarmu, inda mafi yawan mutane daga aljihunsu suke saye, maganar kuɗi maganar lafiya ce kai tsaye. Abin da yake ƙona mini rai shi ne a ga magidanci ya sayi biro mai tsada wata ɗaya, wata na biyu ya fara rage yunit don ya kai shi ƙarshen wata, wata na uku ya daina gaba ɗaya ya koma jiƙe-jiƙe. Wanda ya riƙe Mixtard safe da yamma ba fashi ya fi shi nisa ba kusa ba. Ga mai nau'i na farko kuwa, wanda jikinsa ya daina samar da insulin, yankewar allura na kwana ɗaya ko biyu na iya kai shi ga suma ko mutuwa. Kafin a karɓi takardar Lantus, a yi lissafin shekara, ba na wata ba, a haɗa da allurar bakin biro da tsinken awon suga. Idan kuɗin biro zai cinye na tsinken awo, ni dai kwalba da na'urar awo zan zaɓa, domin allura ba awo tafiya ce a duhu.

Azumi shi ne inda na zamanin ya fi nuna kansa. Binciken EPIDIAR da aka buga a 2004, wanda ya shafi ƙasashe 13, ya nuna faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan sau bakwai da rabi ga masu nau'i na biyu a watan Ramadan. Mixtard da aka yi da sahur, ƙarfinsa yana kaiwa daidai tsakar rana zuwa la'asar, lokacin da ciki ya daɗe da zama wayam. Shi ya sa likitoci kan mayar da babban kaso zuwa buɗa-baki su rage na sahur. Kuma jiran rabin awa bayan allura, ga dabino ga kunu ga ƙosai an jera, ba kowa ke iyawa ba. Mai saurin aiki ya fi dacewa da wannan zama, mai shimfiɗaɗɗen ƙarfi kuma ya fi aminci da rana, duk da shi ma akan rage shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: a ga likita tun Rajab ko farkon Sha'aban. Ko wanne ake amfani da shi, idan awo ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 a ma'aunin mg/dL, a karya azumin nan take, ko saura minti goma a kira magariba.

Wajen zafi da rashin wuta, su biyun doka ɗaya suke bi: wanda ba a buɗe ba a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, wanda aka buɗe kuma yawanci mako huɗu. Ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun gwada nau'o'i daban-daban a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda yake hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka buga a 2021 cewa maganin bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗun. Sai dai zafin Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya wuce wannan. A nan tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, tana da amfani ƙwarai. A sa maganin a leda ko gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a bar shi a mota ko a aljihun babur.

Wa zai ɗauki wanne ke nan? Mai nau'i na biyu da ke fara allura ɗaya da dare tare da metformin, mai cin abinci a kan lokaci, wanda sugarsa ba ta faɗuwa, NPH ya ishe shi, kuma idan aka matsar da allurar zuwa dab da kwanciya ƙarfinta yakan faɗo wajen asuba, lokacin da suga ke tashi da kanta. Wanda ya farka da dare cikin zufa fiye da sau ɗaya duk da an gyara masa yunit, da tsohon da ke kwana shi kaɗai a ɗaki, da mai ciwon ƙoda wanda insulin ke daɗewa a jikinsa, da direban babbar mota da ba ya da tsayayyen lokacin cin abinci, da wanda ya daina jin alamun faɗuwar suga sai dai a tsince shi, waɗannan kuɗin glargine ko degludec bai tafi a banza ba, kuma ya kamata dangi su haɗa hannu a kai. Yara da matasa masu nau'i na farko su ma sun fi samun sauƙi da na zamani, saboda makaranta da wasa da cin abincin da ba a iya tsara shi. Mai juna biyu kada ta sauya komai da kanta, NPH da na ɗan'adam irin Actrapid an daɗe ana amfani da su a ciki lafiya, sauran kuma likitan awo ne zai tantance.

Idan an yanke shawarar sauyawa, ba a kwashe yunit yadda suke a zuba a sabon. Wanda ke yin NPH sau biyu a rana ya koma glargine sau ɗaya, akan rage jimillar da kashi 20 cikin ɗari a farko, sannan a riƙa gyarawa da awon safiya kafin karin kumallo. Mai komawa kwalba daga biro kuma ya duba lambar da ke jikin kwalbar da ta jikin sirinji: akwai insulin mai yunit 40 a kowace mililita, akwai mai 100, kuma kowanne da nasa sirinjin. Wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta.